Tsangwamar sana'a a ƙasar Hausa

Tsangwamar sana'a ita ce ƙyama ko rainin da ake nuna wa mutum saboda irin aikin da yake ci da shi, ko saboda wani abu da ke tattare da shi wanda ake ganin bai dace da wurin aiki ba, kamar asalinsa, jinsinsa, lafiyar jikinsa ko yadda yake magana. Masana zamantakewa da tarihi da harshe sun yi nazarin wannan lamari a ƙasar Hausa tun daga shekarun 1950, musamman a Zariya, Kano, Katsina da Sakkwato. Babban abin da binciken ya nuna shi ne, darajar sana'a a idon Bahaushe ba ta bin yawan kuɗin da ake samu a cikinta. Mahauci na iya fin malamin makarantar allo dukiya nesa ba kusa ba, amma a wajen neman aure ko zaman majalisa malamin ake sa wa gaba.

## Ma'anar kalmomi

Masu bincike suna rarrabe abubuwa huɗu waɗanda akan cakuɗa su a maganar yau da kullum. Na farko shi ne *kuɗin goro*, wato a ɗauki hali ɗaya a jingina wa duk 'yan wani rukuni, kamar a ce kowane direban haya ɗan shaye-shaye ne. Na biyu *ƙyama*, wadda take cikin zuciya tun kafin a san mutumin. Na uku *wariya* ko nuna bambanci, wato ƙyamar ta fito a aikace, a hana mutum aiki ko ƙarin girma ko 'yar da yake nema. *Tsangwama* kuwa ta haɗa dukansu: tabo ne da jama'a suke manna wa mutum har ya rufe sauran halayensa, a daina ganin wane, sai dai “kuturun nan” ko “'yar fim ɗin nan”. Kalmar ta ƙara yaɗuwa ta bakin gidajen rediyo a lokacin faɗakarwa kan cutar ƙanjamau.

## Tushen nazarin

Ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ne ya shigar da batun kuɗin goro cikin nazarin zamantakewa a 1922, sannan Gordon Allport ya rubuta babban littafi kan ƙyama a 1954. A 1963 Erving Goffman ya kasa tsangwama gida uku: wadda ta shafi jiki, wadda ta shafi hali, da wadda ake gada ta hanyar dangi ko ƙabila ko addini. Ya kuma nuna cewa tabon yakan shafi na kusa da mai shi, kamar matarsa da 'ya'yansa.

A ɓangaren aiki, Everett Hughes na Jami'ar Chicago ya yi magana a shekarun 1950 kan “ƙazamin aiki”, wato aikin da jama'a ba za su iya rayuwa ba tare da shi ba, amma suna ƙyamar mai yin sa. A 1999 Blake Ashforth da Glen Kreiner suka faɗaɗa wannan ra'ayi, suka nuna cewa masu irin waɗannan ayyuka sukan haɗa kansu sosai, su ƙirƙiro nasu abin alfahari da nasu ma'aunin daraja. Akwai kuma gwajin da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san farar fata da su sun samu kiran ganawa fiye da masu sunayen baƙar fata da kashi 50 cikin 100, alhali cancantar iri ɗaya ce.

## Binciken M. G. Smith a Zazzau

Aikin da kusan kowane mai nazarin wannan batu a ƙasar Hausa yake farawa da shi shi ne na Michael Garfield Smith (1921–1993), ɗan ƙasar Jamaika, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. A wannan zaman ne matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954. A 1959 Smith ya wallafa maƙala kan tsarin daraja na Hausawa a mujallar *Africa*.

Smith ya ce Hausawa suna raba sana'a biyu. Akwai *karda*, sana'ar da mutum ya gada daga ubansa, da *shigege*, wadda ya shiga da kansa. A cikin sana'a ɗaya, ɗan gado yana gaba da ɗan shigege ko da na biyun ya fi ƙwarewa. Sannan su kansu sana'o'in suna da hawa-hawa. A sama akwai masu sarauta, malamai da manyan attajirai. A tsakiya akwai yawancin manoma da masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa. A can ƙasa aka ajiye mahauta, makaɗa da maroƙa, barori, 'yan dako da talakawan manoma. Ya lura kuma da cewa mata suna da nasu tsarin dabam, wanda ya dogara da shekaru, aure, haihuwa da matsayin mace tsakanin kishiyoyinta, ba lallai ne ta ɗauki darajar mijinta ba.

Ba kowa ne ya amince da wannan tsari yadda yake ba. E. R. Yeld, wadda ta yi bincike a yankin Kabi na lardin Sakkwato, ta saɓa masa a wata maƙala ta 1960, shi kuma ya mayar da martani a 1961. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta *Rural Hausa* na 1972 cewa a ƙauye kusan kowa manomi ne, sana'ar hannu ƙari ce a kan noma, kuma arziki da talauci suna iya sauyawa tsakanin uba da ɗa. Ana iya cewa hoton da Smith ya zana ya fi dacewa da birni mai fada, inda ake da sarki da fadawa da za a auna kowa da su.

Abu ɗaya da ya fito fili shi ne tsarin Hausawa bai kai tsaurin na wasu maƙwabta ba. Binciken Tal Tamari na 1991 ya nuna cewa a wurin Mandinkawa, Wolof, Buzaye da wasu Fulani, maƙera da mawaƙa da dukawa rukunoni ne rufaffu, ba sa aure sai a tsakaninsu. A ƙasar Hausa maƙeri ba abin raini ba ne. Yana da Sarkin Maƙera, ana shakkarsa saboda sirrin wuta da ƙarfe, kuma manomi ba ya shiga gona sai da fartanyarsa. Philip Jaggar, wanda aka fi sani da nahawun Hausa, ya rubuta littafi kan maƙeran birnin Kano a 1994, inda ya bi diddigin yadda suka sauya kayan da suke ƙerawa don tafiya da zamani.

## Sakkwato da koyarwar shugabannin jihadi

Tsohon garin Sakkwato, inda Hubbaren Shehu yake, yana da shiyoyi da aka raɗa wa suna da sana'ar mazaunansu, kamar Maƙera Assada, Takalmawa, Maɗunka da Marina, kamar yadda Kano take da Dukawa da Soron Ɗinki. Saboda haka faɗin shiyar da mutum ya fito yakan isa a gane gidan da ya tashi da sana'ar kakanninsa. Wannan yana iya zama abin tinƙaho, yana kuma iya zama abin da za a yi masa gori da shi, ya danganta da sana'ar.

Abin lura shi ne rainin sana'ar hannu ba daga rubuce-rubucen waɗanda suka kafa daular ya samo asali ba. Ruwayoyin tarihi sun nuna cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817 aka binne shi a gidansa da ya zama Hubbare, yana tufkar igiya don ya ci daga guminsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin *Usul al-Siyasa* da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma, maƙera, maɗinka, marina, masu magani, mahauta da masassaƙa, ya ce a tabbatar kowane gari yana da su. Wato mahaucin da Smith ya tarar a ƙasan tsani, Bello ya lissafa shi tare da mai magani.

Haka abin yake a fiƙihu. A babin *kafa'a*, wato dacewar miji da mata, mazhabar Hanafiyya da Shafi'iyya suna duba sana'ar mai neman aure, kuma Robert Brunschvig ya yi nazarin sana'o'in da malaman da suka gabata suka ɗauka ƙasƙantattu, irin su ƙaho da saƙa da jima, a wata maƙala ta 1962. Amma sanannen ra'ayin Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, ya tsaya ne a kan addinin mutum da kuɓutarsa daga aibin da ke ba da damar raba aure. Uban da ya hana mahauci 'yarsa saboda fawa, al'ada ya bi.

Kiɗa ne kaɗai yake da wani matsayi dabam, domin shugabannin jihadi sun yi suka a kan kaɗe-kaɗen fada da na bukukuwan da ake cakuɗa maza da mata, duk da cewa sun sassauta a kan wasu, kamar na yaƙi da na sanar da aure. Veit Erlmann ya tattara waɗannan rubuce-rubuce ya yi nazarinsu a littafinsa na 1986.

Sai kuma gadon bauta. Turawan mulkin mallaka sun ayyana cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, kamar yadda Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka bayyana a littafinsu na 1993. Kalmomi irin su *bacucane* da *dimajo* sun daɗe bayan dokar. Amma ko a nan lamarin ba miƙaƙƙe ba ne: Sean Stilwell ya nuna a 2004 cewa bayin sarki a Kano, masu riƙe da sarautun Shamaki, Ɗanrimi da Sallama, sun fi 'ya'ya da yawa iko da dukiya.

## Mahauta da maroƙa

Mahauta, waɗanda ake kira Rundawa a ƙasar Sakkwato, su ne misalin da ya fi dacewa da ra'ayin Hughes. Ba a suna ko biki ko Sallah sai da su, amma ana danganta aikinsu da jini da ƙarni da rashin tausayi. Martanin da suka mayar ya yi daidai da abin da Ashforth da Kreiner suka bayyana daga baya: suna da Sarkin Fawa, suna da kiɗansu na kalangu, suna da hawan ƙaho, kuma an daɗe ana danganta dambe da su. Abin da wasu suke gani ƙasƙanci, su sun mayar da shi jarunta. Majema ma suna shan irin wannan ƙyama saboda warin fata, alhali fatar jar akuyar Sakkwato da suke jemewa da bagaruwa ita ce ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, domin ta can fatake suke bi da ita.

Lamarin maroƙa ya fi sarƙaƙiya. Sunan ma daga *roƙo* ya fito, wato harshen ya riga ya yanke musu hukunci. A maƙalarsa ta 1957 kan roƙo, Smith ya nuna cewa maroƙin da ake rainawa shi ne yake shelanta darajar kowa a bainar jama'a: ya ambaci asalin mutum, ya yabi kyautarsa, in ya yi rowa kuma ya yi masa zambo. Mai sarauta yana buƙatarsa kuma yana tsoron bakinsa. David Ames ya ci gaba da wannan nazari a kan makaɗan Zazzau a shekarun 1960, kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Rediyo da faifai sun ɗaga wasu mawaƙa zuwa inda kakanninsu ba su taɓa zato ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988. Ɗanmaraya Jos kuwa ya yi suna da waƙar da ya yi wa karen mota, mutumin da sunan aikinsa kaɗai ya isa shaida kan yadda ake kallonsa. Duk da haka ɗaukakar mutum ɗaya ba ta wanke sana'ar ba, kuma yawancin abin da ake faɗa wa maroƙa a da, yanzu 'yan fim ake faɗa wa, musamman mata.

## Mata da aiki

Polly Hill a 1969 da Enid Schildkrout a Kano a shekarun 1970 sun nuna cewa matan kulle suna gudanar da kasuwanci mai yawa daga cikin gida, suna sayar da abinci, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula ta hannun yara masu talla. Wannan aiki ba ya jawo zargi. Matsalar takan taso ne idan aikin ya fitar da mace waje, ya haɗa ta da maza ko ya sa ta kwana a wurin aiki. Renée Pittin, wadda ta fara bincike a birnin Katsina tun shekarun 1970 kuma ta wallafa *Women and Work in Northern Nigeria* a 2002, ta nuna yadda macen da ta isa aure amma take zaune ba miji take fuskantar a kira ta karuwa, ko da da sana'arta take ci.

A nan ma Hubbare yana da abin cewa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 aka binne ta kusa da mahaifinta, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke tafiya daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar da mata. Jean Boyd da Murray Last sun rubuta a kan wannan a 1985, kuma masu kare fitar mace aikin koyarwa ko na asibiti suna yawan kafa hujja da ita.

## Almajirai

Kalmar *almajiri* ta fito daga Larabci *almuhajir*, mai ƙaura don neman ilimi, amma a bakin mutane da yawa yau ta koma nufin mabaraci. Hannah Hoechner ta zauna a birnin Kano da garin Albasu tsakanin 2009 da 2011, ta wallafa littafinta a 2018. Ta nuna cewa almajirai da yawa ma'aikata ne: suna ɗebo ruwa, wanki, shara da aike a gidajen masu hali, inda sau da yawa ladan bai wuce ragowar abinci da ɗan abin da aka ga dama ba. Abin da ya fi ci musu rai, a cewarsu, shi ne wulaƙanci da zargin sata ko ta'addanci. Suna kare mutuncinsu ta hanyar ɗaukar wahalar a matsayin horo da haƙurin mai neman ilimi. Wasu almajirai tara da ta yi aiki da su sun shirya fim mai suna *Duniya Juyi Juyi* don su ba da labarin da bakinsu.

## Cuta da nakasa

Al'adar Hausawa ta ba makafi, guragu da kutare sarautunsu, kamar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare. Wannan ya ba su murya a fada, amma ya kuma ƙarfafa tunanin cewa bara ce sana'arsu. Asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, wanda 'yan mishan suka buɗe a shekarun 1930, yana cikin wuraren da Shobana Shankar ta yi nazari a littafinta na 2014. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da kuturta, sai dai wanda ya warke da dungulmi har yanzu yana wahalar samun mai sayen abincin da ya dafa. Elisha Renne ta yi bincike a Zariya kan shan inna, kuma littafinta na 2010 ya taɓo yadda waɗanda cutar ta nakasa suke neman karatu da sana'a maimakon bara.

Kan ƙanjamau akwai alƙaluma. Wani bincike da Chen Reis da abokan aikinta suka yi a 2002, aka wallafa a 2005, ya tambayi ma'aikatan lafiya 1,021 a jihohi huɗu na Najeriya, ciki har da Kano. Kashi 9 cikin 100 sun ce sun taɓa ƙin kula da mai cutar, kashi 59 suna ganin a ware musu ɗaki dabam, kashi 40 kuma sun ce bai kamata a bar ma'aikacin lafiya mai ɗauke da cutar ya yi aikin da zai taɓa majinyata ba. Wato tsangwamar ba ta tsaya kan majinyaci ba, har abokin aiki ta shafa.

## Harshe da kari

A 1960 Wallace Lambert da abokansa a Montreal ta Kanada suka sa mutum ɗaya ya karanta magana da Ingilishi da Faransanci, masu sauraro kuma ba su san mutum ɗaya ba ne. Sai suka ba muryar Ingilishi maki mafi yawa a wayo da cancanta, har da masu sauraro 'yan Faransancin. Wannan dabara ta zama ginshiƙin nazarin yadda ake yanke wa mutum hukunci daga jin muryarsa.

Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan Kananci, don haka Basakkwacen da ya ce *biyat* maimakon *biyar*, ko *hwara* maimakon *fara*, ko *shi na* maimakon *shi ne*, yakan ji an ce ya gyara Hausarsa idan ya nemi aikin karanta labarai, duk da cewa masana harshe suna ganin Sakkwatanci ya riƙe tsofaffin siffofin Hausa da Kananci ya zubar. Hausawa ma suna yi wa wasu: kalmar *gwaranci*, wato gurɓatacciyar magana, daga sunan Gwarawa aka samo ta. A kudancin Najeriya kuwa *aboki* ta sauya ma'ana, ta zama sunan da ake kiran duk ɗan Arewa mai gadi, mai wankin takalmi ko ɗan acaɓa, sau da yawa da nufin bagidaje. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya nuna cewa Hausawan can su ne suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, bisa tsarin amana da bashi wanda masu gidajen baƙi suke gudanarwa.

## Doka

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini, ra'ayin siyasa ko yanayin haihuwarsa. A 2002 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana wariya a ɗaukar aiki. A 2012 wata babbar kotu a Legas ta ba da diyyar naira miliyan 7 ga wata ma'aikaciyar jinya da aka kora a 1995 saboda tana ɗauke da ƙanjamau, kuma dokar 2014 ta hana tilasta gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta bukaci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

A Nijar an mayar da bauta laifi a dokar 2003, bayan fafutukar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. A Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.